Motar da Baba Ya Rage wa Tsayi

Duk direban a-kori-kura da na sani a Dutsin-Ma, abin da yake fara yi in mota ta shigo hannunsa shi ne ya kai ta gareji a ƙara mata sifirin, fallayen ƙarfen nan na ƙarƙashi da ke riƙe nauyi. So yake bayanta ya ɗaga sama, ta ɗauki buhunan da ko wanda ya ƙera ta bai taɓa tunaninsu ba. Babana ne kaɗai ya kai tasa aka rage. Ya sa aka zare fallaye daga baya, aka datse na gaba, aka sauya mata ƙananan tayoyi. Ta shiga gareji a tsaye, ta fito a durƙushe kamar akuyar da ke shirin kwanciya.

'Yan tasha suka sami abin yi. Suka sa mata suna kunkuru, in ya shigo sai wani ya sunkuya yana leƙen ƙarƙashinta wai yana neman ƙafafun. Baba ba ya dariya kuma ba ya fushi, abin da yake ce musu kawai shi ne masu lodi ma 'ya'yan mutane ne, ba sai sun karya baya wajen ɗaga buhu ba. Babu wanda ya yarda, don an san shi, bai taɓa tausayin mai lodi ba a rayuwarsa. Mu na cikin gida mun san dalili, mun kuwa ja bakinmu mun yi shiru.

Inna ce dalili. 'Yar Kurfi ce, aure ya kawo ta Dutsin-Ma, kuma a cikin 'yan ɗakinsu saura su biyu, ita da yayarta da muke kira Iya. Tun ina ƙarama, duk ranar kasuwar Kurfi Inna tana gaban motar Baba da ƙullin daddawa a cinya. Shi ya sauke kaya a kasuwa, ita ta wuni a ɗakin Iya suna maimaita labaran da suka yi makon jiya. Sai ciwon gwiwa ya zo mata. Da farko da dabara take hawa, ta riƙe ƙofa ta yi bisimilla ta ja jiki. Daga baya aka riƙa ajiye mata kujera 'yar tsugunno. Wata safiya kujerar ta goce, ta zube a ƙofar gida maƙwabta suna kallo, wani ɗan maƙwabcinmu ya rugo zai cicciɓe ta. Inna mace ce mai kunya da taurin kai a haɗe. Ta ce ba ta mutu ba da za a riƙa ɗaukarta a titi, ta koma ciki da rarrafe, ta ce ita da Kurfi sai dai saƙo.

Na dawo gida a wannan shekarar, aurena ya mutu, don haka da idona na ga yadda ranar kasuwa take yi mata. Ta ƙulla daddawa ta ba Baba, ta zauna bakin ƙofar ɗaki tana sauraron ƙarar motar har ta ɓace. Ranar ba ta cin abincin kirki, kuma kowa ta samu sai ta yi masa faɗa. Ni na fi shan faɗan, tunda ni ce a kusa.

Baba dama ba mai magana ba ne, ban taɓa jin ya ce mata sannu da aiki ba, sai dai ya ce miya ta yi gishiri. Ranar da ya dawo da motar daga gareji ya tsayar da ita daf da ƙofa, ya aiko ni in ce ta fito. Ta fito tana dogara sanda, ta tsaya tana kallo.

"Malam, mi ya samu motar taka?"

"Tsuhwa ce," in ji shi. "Ba ke kaɗai ta kama ba."

Ta ɗaga ƙafa kaɗan, bai fi yadda ake taka dokin ƙofa ba, sai ga ta zaune. Ta gyara mayafi ta ce to a tafi, rana tana yi. Godiyar ke nan, kuma ina jin ta ishe shi.

Sai dai mota ba don kai Inna unguwa kawai aka saye ta ba, da ita muke ci. Yanzu kuwa in aka jera mata buhuna kaɗan sai bayanta ya zauna a kan taya. Baba ya yi 'yan kwanaki yana zagaya ta, sannan ya sayi tsohon amalanken shanu a Kutawa, ya kai wa mai walda ya ƙara masa doguwar sanda da ƙugiya. Abin da motar ba za ta ɗauka a baya ba, sai ta ja. Nan ma 'yan tasha suka ce kunkuru ya yi wutsiya.

Jan kaya da mota mai gajeren ƙafa sana'a ce daban, kuma ni na koye ta da ido don ni ke raka Inna. Nauyi dole ya zauna daidai kan tayoyin amalanke. In ya yi gaba, sandar ta danne bayan mota har ƙugiya ta riƙa sharar ƙasa, gaban motar ya yi sako-sako, sitiyari ya ƙi jin magana. In ya yi baya, amalanke ya riƙa kaɗa gindi a titi yana jan motar hagu da dama. Baba yakan sa a sauke lodi gaba ɗaya a sake saboda buhu guda, masu lodin da ya ce yana tausayi suna zaginsa a ciki. Tudun titi ba ya hawansa kai tsaye, sai a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, Inna tana ɗaga ƙafafunta daga ƙasa kamar hakan zai rage wa motar nauyi. A gangara kuwa kayan ne ke tura mu, shi ya sa tun daga nesa yake rage giya. Kowa ya wuce mu, har masu babur da akuya a ɗaure. In na yi tsaki sai ya ce, "Uwata, sannu ba ta hana zuwa." Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa gare ni. Inna kuma ta ƙarasa masa, sai dai a daɗe ba a je ba. Kullum haka, kuma kullum sai sun ji daɗin abinsu kamar ranar suka ƙirƙiro shi.

Ina kewar wannan tafiyar. Mu uku a matse a gaba, warin daddawa da na fetur, ƙarar sarƙa a baya, gonakin dawa suna wucewa a hankali har kana iya gane wanda ya yi noma na biyu da wanda ya yi lalaci. A lokacin haushi take ba ni.

Wata damina aka aiko da sassafe cewa jikin Iya ya yi tsanani, tana ta kiran ƙanwarta. Amalanke yana ƙofar gida tun jiya da masarar wani Alhaji mai hatsi, wanda ya fi kowa ba Baba lodi. Ranar kasuwa ce, don haka muka tafi da kayan. Inna ko daddawa ba ta ƙulla ba.

A hanya muka tarar ruwa ya cinye wani kwalbati, motoci suna sauka gefe su bi ta cikin rafi su hau. Dogayen motoci suna shiga suna fita da taɓo a ciki. Baba ya fita ya duba, ya shimfiɗa katakan da ba ya rabuwa da su, ya shiga a karkace yadda ya saba. Gaban motar ya haye. Da bayanta ya sauka cikin kwarin sai muka ji ƙugiya ta caki ƙasa, motar ta tsaya cak, tayoyi suna juyawa a banza. Aka taru aka tura, aka tona, aka sa duwatsu, nauyin masara ya danne ta ko motsi ba ta yi. Masu wucewa kowa da shawararsa, kuma duk shawarar ɗaya ce, wai wa ya aike shi rage wa mota tsayi. Ga hadari ya haɗo daga gabas.

Inna tana zaune ta ƙura wa hanyar Kurfi ido, carbi a hannu amma ba ta ja. Baba ya leƙo ta taga ya dube ta, ya koma baya. Na ji yana kiran mutane su ɗaga sandar. Ya zare ƙugiya, ya ja tamfol ya rufe masarar, ya roƙi wani manomi da ke huɗa da shanu a gefen hanya ya sa masa ido. Direba ba ya barin kayan mutane a hanya ranar kasuwa, wannan kowa ya sani, shi ma ya sani. Da aka raba ta da amalanke motar ta fita kamar ba ita ba.

Mun sami Iya da ranta. Inna ta zauna a gefenta ta riƙe mata hannu, na ji Iya tana ce mata ta yi latti kamar kullum. Suka wuni tare. Bayan 'yan kwanaki Allah ya yi mata rasuwa.

Masarar kuwa, manomin nan ya ɗaura wa amalanken shanunsa suka fitar da shi daga rafi, abin da aka yi shi dominsa tun farko. Amma ta rasa kasuwa, kuma ruwa ya taɓa na ƙasa. Alhaji ya zo har zaure, ina jin su daga tsakar gida. Bai yi hayaniya ba, ya ce shi dai shawara ce, a mai da sifirin, mota ta koma mota, in ba haka ba zai nemi wani.

"Alhaji, ka yi haƙuri da abin da ya samu masararka," in ji Baba. "Amma ba don masara na sauke motar ga ba, ba kau don ita zan ɗaga ta ba."

Inna tana bakin murhu, ta ji. Ta ci gaba da tuƙa tuwo, sai dai na ga ta daɗe tana goge ido tana cewa itacen ɗanye ne. Alhaji ya nemi wani, Baba ya koma jan albasa da tumatir daga lambunan dam ɗin Zobe da rani.

Inna ta ƙara shekaru kaɗan tana zuwa Kurfi wajen 'ya'yan Iya, sannan ita ma ta tafi. Fallayen sifirin suna nan jingine a bayan rumbu, Baba yana shafa musu baƙin mai kada su yi tsatsa. Bayan an share makoki bakanike ya ce ya kawo a mayar, aikin yini ɗaya ne. Baba ya ce bari dai tukuna. Haka ya ci gaba da jan amalankensa, yana hawa tudu a karkace, ba kowa a gefensa, har idonsa ya fara ba shi matsala muka matsa masa ya sayar. Wanda ya saya ya tambayi fallayen, Baba ya nuna masa bayan rumbu da sanda ya shige ɗaki.

Bara na ga motar a bakin kasuwa, da kyar na gane ta. Ta miƙe tsaye, buhunan albasa har sun wuce kan direba, ba amalanke. Mai ita ya gane ni, ya ce Hajiya zo in rage miki hanya. Na buɗe ƙofa na ɗaga ƙafa daidai inda na saba, ƙafata ta faɗa iska, sai da na riƙe ƙofar na ja jiki. Har ya sauke ni Inna nake tunawa.

Na sami Baba a zaure kan buzunsa na ce masa na ga motar. Ya tambaya ko tana da lafiya, na ce lafiya lau, har an ɗaga ta. Ya murza carbi.

"Da innarki ba ta iya hawa," in ji shi.