Layukan Maza na Don Nibaldo

A duk ƙauyukan gefen garin Lautaro babu wanda bai san rowar Don Nibaldo Catrileo ba. Tun yana yaro, ko ƙusa ce ta lanƙwashe sai ya miƙar da ita ya ajiye. Ganyen shayinsa na mate kuwa, sai ya zuba masa ruwa har ya koma farin ruwa.

Da kamfanin iri ya ba shi kwangilar noman kanola, wani tsiro da ake matse mai daga ƙwayarsa, ya ji daɗi ƙwarai, domin ita ce ta hana ɗansa Eleodoro tafiya kudu aikin kifi. Sharaɗin guda ne: za a shuka tsiron layi-layi, mata da maza; layukan mata su ne iri, layukan maza aikinsu ba da garin fure kawai. Fure na kaɗewa, a tattake mazan.

Wayyo, ranar tattakewa! Mazan sun yi 'ya'ya jingim. Don Nibaldo ya tsaya yana kallo kamar za a cire masa haƙori.

"Baba, in hau tarakta?" in ji Eleodoro.

"Hau kanka! Abinci ne fa. Ƙwayar maza baƙa, ta mata baƙa, uban wa zai bambance?"

Matarsa Eduvigis ta ce, "Tsoho, garin neman gira za ka rasa ido."

"Ke dai soya mana fanken nan naki, sopaipilla."

Ya tattake na bakin hanya don idon jama'a, na lungu kuwa ya girbe ya zuba cikin buhunan mata.

Ashe a ɗakin gwajin kamfanin da ke birnin Temuco ba launi suke dubawa ba. Niƙa ƙwayoyin suke yi, su karanta alamomin ƙwayar halitta, na uwa da na uba. Sai ga ma'aikaciyarsu Yasna ta zo har gida.

"Don Nibaldo, irin nan ya kamata kowace ƙwaya ta nuna uwa da uba. Da yawa a naka uba ne zalla. Ka tattake mazan kuwa?"

"Señorita, ƙudan zuma ne! Shegun ba su da tarbiyya."

"Ƙudan zuma ba sa zuba ƙwaya a buhu, Don Nibaldo."

Abin haushi ne, wallahi, don yaron bai ci ba bai sha ba, amma a kansa abin ya ƙare. Aka mayar da irin duka, aka soke kwangilar.

Eleodoro ya shiga ɗaki. Ya haɗa jakarsa, ya sumbaci uwarsa, ya nufi tashar motar Puerto Montt, can kudu wurin aikin kifi. Uban ya biyo shi har bakin ƙofa yana cewa ai ƙudan zuma ne, amma yaron bai waiwayo ba.