Burodin Steinunn da dutsen da ya huce

Steinunn tana amarya dutse ya yi aman wuta a tsibirin Heimaey, ya binne gidanta da tukwanenta duka. Wasu suka tafi ba su dawo ba. Ita kuwa ta dawo da fushinta, ta ce tunda dutsen ya cinye mata madafa, to shi zai riƙa yi mata girki.

Haka aka yi. Duk Alhamis takan kwaɓa baƙin burodi, ta zuba a gwangwani, ta hau dutsen ta binne shi cikin toka mai zafi, washegari ta tono shi a gashe. Shekara arba'in tana wannan aiki, tana zagin tsuntsayen teku masu yi mata kashi a hula. Sai dai dutsen yana hucewa. Kowace shekara zafin sai ya ƙara gudu sama, ita kuma gwiwa ta fara ƙi.

'Yarta Hrefna, wadda ke aure a babban birni, ta dame ta da maganar ƙaura. Rannan Steinunn ta gaji, ta ce a gaban mutane, "Ranar da dutsen nan ya ba ni ɗanyen burodi, ki zo ki kwashe ni." Ta san ta yi suɓutar baki, ga shi ba ta iya janye magana ba. Barin tsibirin kuwa tsoro yake ba ta fiye da mutuwa.

Wata Juma'a ta yi sammako ba kamar yadda ta saba ba. Tana isa ta tarar da ƙanenta Torfi, tsohon masunci, durƙushe a bakin raminta da gwangwani biyu: ɗaya yana tururi, naɗe cikin rigar sanyinsa, ɗayan nata ne na jiya. Ta fizge nata ta buɗe. Kwaɓi ne ɗanye shakaf. Ta cusa hannu cikin tokar har gwiwar hannu, ta ji sanyi.

"Tun yaushe?"

"Shekara uku, Yaya."

"Shekara uku kana gasawa a tanderun gidanka, ni ina yawo ina yabon dutse? Kai da ko shayi ba ka iya dafawa ba?"

"Na koya," in ji Torfi, yana kallon takalmansa. "In kika tafi, wa zai riƙa zagina?"

Ta zauna a kan tokar. Ta daɗe tana kallon rufin gidajen garin a ƙasa, idonta na ruwa, ta ce iska ce. Can ta miƙa masa ɗanyen, ta karɓi mai zafin ta rungume.

"Hrefna ta sani?"

"Ba wanda ya sani."

"To mako mai zuwa ka rage wuta, sakarai. Shekara uku ƙasan burodin yana ƙonewa, ina ta ɗora wa dutse laifi."