Ranar Da Bappa Ya Dawo Babu Masara

Wata Asabar ce a ƙarshen daminar 2014, makon da labarin faɗawar Mubi hannun 'yan bindiga ya cika gari. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya, zaune a ƙofar gidanmu a Jimeta muna carafke da ƙawata Rahila, sai muka ji gurnanin motar Bappa Hammadu ta shigo layinmu. Bappa ƙanin mahaifina ne, direban wata tsohuwar motar kaya. Ya tafi wani ƙauye gaba da Hong ɗauko masarar gonarmu, abincin gidan na shekara, kuma kwana uku ke nan wayarsa ba ta shiga. A kwanakin nan kakarmu Dada ba ta ajiye carbi ba. Mu yara mun ci gaba da shara da ɗebo ruwa da surfe, amma ko dariya a ɓoye muke yin ta.

Da motar ta tsaya, babu buhu ko ɗaya. Mutane ne cike da ita, mata da yara da tsofaffi, ƙafafu a kumbure. Baba ya leƙa ciki ya ce, "Hammadu, ina masarar?" Bappa ya sunkuyar da kai ya ce wa yayan nasa, "Hamma, na sauke ta a bakin hanya. Mota ba za ta ɗauki duka biyun ba." Baba ya juyo ya ce mana a shimfiɗa tabarmi, a ɗora babbar tukunya.

Bayan la'asar Bappa ya ba da labari a gindin mangwaro, ni kuma ina wanke-wanke kusa da su. Ya ce an tare babban titi, don haka ya bi burtalin shanu ta cikin duwatsu. Taya ta fashe sau biyu, motar ta kafe a rafi, mata da goyo suka sauka suka tura. Wata ƙaramar mota ta wuce su a guje har mutanen ciki suna ɗaga musu hannu, ba a yi nisa ba suka tarar da ita a kife cikin kwazazzabo, babu mai rai. Washegari da hantsi wani dattijo ya cika a zaune, na kusa da shi na tsammanin gyangyaɗi yake. Suna cikin binne shi a gindin tsamiya, sai ga kukan jaririya daga cikin motar, ashe wata mata ce ta haihu.

Ni aka miƙa wa jaririyar yayin da Dada ke haɗa wa uwarta ruwan wanka. Ba ta fi ƙwaryar fura nauyi ba. Na ga maɗigarta na bugawa a hankali, na rasa yadda abu mai laushi haka ya ratso hanyar da ta cinye manya. Mahaifiyar Rahila ta shigo da zannuwa, ta dube ta ta ce, "Wannan kam Allah ne ya yi mata direba." Mutanen sun yi mako biyu a gidanmu kafin a kai su sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi. Shekarar nan tuwonmu bai cika kwano ba, amma ban ji wanda ya yi wa Bappa gori ba.

Yanzu ina karatu a Sangere, hanya ta buɗe, motoci na zuwa Mubi su dawo rana guda, fasinjoji na barci. Bappa kuwa, da ya tsallake duk wancan, zazzaɓin kwana biyu ne ya ɗauke shi bara a kan tabarmarsa, bai ko kai asibiti ba. Nakan so in sake jin muryarsa a tsakar gida. Ashe kowa a kan hanya yake, har wanda ke zaune a ɗaki.