Wata Bakwai Tana Jinyar Abokin Direba

"Tsohon nan ɓata mana lokaci yake yi, Anti," in ji sabon likitan, ya dire fayil a kan tebur. "Zuwansa uku. Ba ya kallona, ba ya amsa tambaya. Na ce me ke damunsa, ya ce wai wani abokinsa ne ba ya cin abinci."

"Ka tambaye shi jikin abokin?"

"Babu wani aboki. Ke ma kin sani."

"Na sani. Shi ma ya san ka sani. Kai kaɗai ne ka matsu sai an faɗa da baki."

Wannan bara ke nan. Mai amsar ita ce mai ba da shawara a sashen masu damuwa na ƙaramin asibitin unguwarmu. Anti kowa ke ce mata, har waɗanda suka haife ta. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, bayan shekara talatin da ɗaya.

Bakwai da rabi na safe tana ɗakinta, na ƙarshe a baranda, kusa da famfo. Kafin ta taɓa biro sai ta duba su wa za su zo, ta hau jan kujeru. Unguwar ta tara mutane iri-iri. Wani ta ajiye masa kujera gaba da gaba, don a wurinsu wanda ya kau da ido maƙaryaci ne. Wani ta sa tasa a gefen tata, su fuskanci taga, don a wurinsu kallon tsakiyar ido rashin tarbiyya ne. Mai shara takan ce, "Anti, ke da 'yan dako ba ku da maraba."

Ba da wannan aka haife ta ba. A shekararta ta farko wata mata ta zo da uwarta da yayyenta biyu. Anti ta fitar da su waje, don littafi ya ce sirri. Ashe a wurinsu ba a keɓe mutum shi kaɗai a ɗaki sai ana tuhumarsa. Matar ba ta sake dawowa ba. Har yau Anti ba ta san abin da ya same ta ba, kuma ba ta ɓoye cewa yana cinta. Tun daga nan tambayarta ta farko ɗaya ce: "A gidanku wa ake fara gaya wa?" Wani ya ce kawunsa, a shigo da benci. Wani ya ce ba kowa, ta rufe ƙofa.

Tsohon da suka yi gardama a kansa direban babbar mota ne, shekara arba'in a kan titi. Matarsa ta rasu, ya daina ci, ya daina fita, har ya ƙara wa bel ɗinsa huji biyu. 'Yarsa ce ta kawo shi da ƙyar. Ya rantse mata cewa duk ranar da aka sa shi kuka gaban likitan nan sa'an ɗansa, shi da wurin har abada. Likitan ba mugu ba ne, abin da aka koya masa yake bi. Amma da tsohon ya tafi, gida zai koma ya ƙarasa ramewa.

Anti ta karɓi fayil ɗin. Ta sa kujeru biyu suna kallon taga.

"Baba, ina gajiya? Yaya mutumin naka?"

"Yana nan dai. Taurin kai gare shi."

"Shi ma direba ne?"

"Shi ma."

"To ai sai haƙuri. Direba ko a tsakiyar titi mota ta mutu, cewa zai yi hutawa take yi."

Ya yi dariya. 'Yarsa tana kan benci a waje, ita ta ba ni labarin. Ta ce wata biyar rabonta da jin wannan sautin.

Haka suka riƙa aika wa abokin saƙo. A ce masa ya ci ko loma biyar ce. Ya fito ƙofar gida da hantsi. Ya sha maganin da likita ya rubuta, kuma Anti ta tabbatar likitan da kansa ya miƙo shi, ya ce a gaishe da abokin. A wata na huɗu maganar ta fito. Ranar rasuwar, abokin yana hanya, matarsa ta kira shi sau biyu, ya ce sai ya sauke kaya zai kira. Anti ba ta juyo ta kalle shi ba. Ta tura masa kofin ruwa, ta ce, "Ka ce masa wanda bai damu da mutum ba, ba ya ƙirga sau nawa mutumin ya kira shi."

Bai taɓa cewa shi ne ba. Ita ma ba ta nema ba.

Anti, ke ce wadda ba ta tsiraita mutum kafin ta yi masa magani. Ke kika gane cewa ciwo ɗaya ne amma ƙofar shiga ba ɗaya ba ce, kuma kika yarda ki tambaya maimakon ki ɗauka kin sani. Mun gode. Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai daɗi. Masu zuwa bayanta, ku yi karatunku, yana da amfani. Amma kafin ku rubuta cewa mutum ba ya ba da haɗin kai, ku fara tambayar yadda ake magana a gidansu.

Makon jiya direban ya zo, da ƙafarsa, ba 'yar rakiya. Ya ce abokin ya koma tasha, yana koya wa sababbin direbobi ja da baya, kuma ya ce a yi mata godiya. Anti ta gaya masa za ta bar aiki. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu. Likitan yana tsaye bakin ƙofa, mai shara ta tsaya da tsintsiya.

"To in jikin mutumin nan ya sake tashi," in ji direban, "wa zan zo in gaya wa?"