Goggo Asabe Mai Gaida Ciki

Duk wadda ta taɓa zuwa awo a ɗan asibitinmu na Beli ta san halin ungozomarmu Goggo Asabe, ƙanwar babana. Ba ta fara gaida mai ciki, cikin take gaidawa. Za ta kafa ɗan kahon katakon nan nata a ƙasan cibiyarki, ta manna kunne, ta yi ina kwana, ya gajiya, ya zaman ɗaki. Sai ta ji bugun zuciyar jaririn tukuna za ta ɗago ta tuna kina wurin.

Son jin ƙwaƙwaf kuwa, wayyo! Akuya mai ciki ba ta isa ta wuce ta gabanta salin alin ba. Wata ranar kasuwa ta tare saniyar wani Bafulatani, wai tana so ta ji ko zuciyar maraƙi ta fi ta ɗan mutum sauri. Saniyar ta kai mata harbi. Ta tashi tana kakkaɓe zani, ta ce a riƙe mata ita da kyau, ba ta gama ji ba.

Da aka kawo na'urar da ke fitar da bugun a fili kowa ya ji, sai ta hau fushi, wai an tona sirrin da ke tsakaninta da yaranta. Fushin bai hana ta cinye batirin ba, don har a cikin maigadi ta gwada. Ta ce masa ya kwantar da hankalinsa, babu kowa sai tuwo.

Ranar naƙudata ta fari, da azahar, ta ɗora min na'urar, sautin yana tashi kamar luguden mata. Amma duk sanda naƙudar ta taso sai luguden ya ja baya, ya daɗe bai dawo ba. Goggo ta miƙe tsaye. Ta ce a nemo mota, asibitin Ƙaraye za mu. Innata ta ce haihuwar fari ai haƙuri ake, ita ma haka ta sha. Goggo ta ƙure sautin.

"Yaya, ba ni za ki ba haƙuri ba. Ga shi nan, saurara, ki faɗa masa da kanki."

Inna ta saurara, ta riga kowa yafa mayafi.

A can aka yi min aiki, igiyar cibiya ce ta shaƙe jaririn. Da ƙyar ya yi kuka, amma ya yi. Aka kai wa Goggo shi a baranda, aka tarar da ita zaune a ƙasa daɓas. Ta ƙi karɓa.

"Ku riƙe shi tukuna, tsoro bai sake ni ba."

Wallahi ban taɓa sanin Goggo tana jin tsoro ba sai ranar, kuma har yau in na tuna sai hawaye. Allah Ya jiƙan Goggo Asabe, Ya haskaka kabarinta, Ya sa ta huta.