Baba Gurbi da takardar da ba ta da lamba

Tun bayan rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa, nake share ofishin ajiyar bayanai na wani asibiti. A nan na san Baba Gurbi. Ma'aikatan jinya ne suka laƙaba masa sunan, don ba shi da zance sai na gurbin lamba.

Kowane majiyyaci da lambarsa, ba ya tarayya da kowa. Da ita kwamfuta ke haɗa mutum da gwajinsa da adireshinsa. Kowace safiya, kafin ya sha ko ruwa, Baba zai sa kwamfutar ta fito masa da duk wanda aka shigar babu lamba. Sau biyu yake tambayarta. Na taɓa ce masa, "Baba, kurma ce?"

Ya ce, "Baiwar Allah, akwai gurbin da ba a taɓa ba, wannan tana faɗa. Akwai kuma wanda mai gaggawa ya danna dogon madannin ƙasa, mai saka tazara kawai, don ta bar shi ya wuce. Ido ba ya ganin komai, ita kuwa a wurinta an cike. Sai ka tambaye ta daban."

Da aka yi masa aikin ido, mako biyar ba ya nan. Wanda ya riƙe masa kujera tambaya ɗaya yake yi. Ranar da Baba ya dawo, da ya yi tambaya ta biyu, ya tarar da sakamakon wata mata: ƙari a nono, mugu, likita ya rubuta a nemo ta da gaggawa. Suna kawai, babu lamba. Masu wannan suna goma sha huɗu ne a rajista.

Ya tafi wurin mai karɓar kati da takardar a hannunsa.

"'Yar nan, ke kika shigar da wannan?"

"Baba, layi har bakin titi, ta manto katinta. Korar ta zan yi? Kai dai a ɗaura maka aure da kwamfutar nan mu huta."

Ya bi masu sunan ɗaya bayan ɗaya a waya. Waɗanda ba su ɗauka ba, ya riƙa takawa gidajensu in an tashi aiki, da gilashi baƙi a idon da bai gama warkewa ba. A gida na goma sha biyu ya same ta, kwance. Mijin ya ce, "An ce mana in da matsala za a kira. Da muka ji shiru, sai muka yi hamdala."

Aka kawo ta. Likita ya duba, ya ce lokacin aiki ya wuce.

An karkatar da ni ɗakin da aka kwantar da ita a makon, ni nake goge ƙarƙashin gadonta. Kwana biyu kafin ta cika ta kamo gefen zanena, ta ce, "Iya, ki gode wa tsohon nan. Ban taɓa jin asibitin da ke bin mutum har gida ba."

Na isar da saƙon, tunda amana ce. Ya ce, "Da ba ki faɗa mini ba."