Mutuwar Wilf a Gindin Shinge

Duk garin Thorby babu wanda ya kai Wilf Hepworth iya mutuwa. Kowace shekara idan sanyi ya ja da baya, Ƙungiyar Tarihin Gari takan ari gonar tumakin da ke bayan coci, a sake buga yaƙin da kakanni suka ce an gwabza a wurin, zamanin da gidan York masu farin fure da gidan Lancaster masu jan fure suke karkashe juna a kan gadon sarauta. Malaman makaranta da masu gyaran famfo da 'yan fansho sai su sha sulke da kwalkwali, su yi ta jibgar juna da takubba marasa kaifi, 'yan kallo na bayan igiya suna cin soyayyen dankali. Wasu in an sare su sai su zube kamar buhu, wasu su yi ta birgima da ihu har abin ya gunduri mutane. Shi kuwa Wilf yakan dafe ciki, ya ja da baya a hankali yana tangaɗi, ya saki mashi, ya je can ƙarshen gonar ya kwanta a gindin shinge.

Tarihi bai taɓa damunsa ba. Direban bas ne, ya yi ta kai mutane birni yana dawo da su tun yana saurayi har gashinsa ya yi fari aka sallame shi da agogon bango. Matarsa Glenys, mai dafa wa 'yan makaranta abinci, ita ce ta ja shi cikin ƙungiyar da kunne. Duk ranar Talata sukan je zauren coci, inda mutane masu hankali suke ɗaga jijiyar wuya a kan ko wani sarki ya kashe 'ya'yan ɗan'uwansa ko sharri aka yi masa, kamar ranar Alhamis za a shiga kotu. Glenys tana cikin masu ɗaga jijiyar. Wilf aikinsa jera kujeru da wanke kofunan shayi, kuma in an tambaye shi ra'ayinsa sai ya ce abin da Glenys ta ce shi ne.

A filin yaƙi Glenys ce shugabar mata masu ruwa, waɗanda suke bin mayaƙa da tulu don kada zafin ƙarfe ya sumar da wani. Ita ce kuma ta kafa dokar da ƙungiyar take alfahari da ita. Wata shekara, ana tsakiyar yaƙi, wayar wata gawa ta yi ƙara, gawar ta miƙe ta amsa, wata gawar kuma ta ga dama ta samu ta ruga makewayi. 'Yan kallo suka yi dariya har da riƙe ciki. Glenys ba ta yi dariya ba. A taron da ya biyo baya ta buga tebur ta ce daga yau wanda ya faɗi ya faɗi, ko an busa ƙahon tashi ba zai motsa ba sai mai ruwa ta zo ta taɓa kafaɗarsa. Aka amince, aka kuma riƙe dokar fiye da yadda ake riƙe ta gwamnati.

Gindin shingen nan ma ita ta zaɓa masa. Wuri ne mai ɗan kwari, nesa da igiyar 'yan kallo, ciyawa tana rufe mutum in ya kwanta. Sai ta gama tayar da kowa sannan take zuwa wurinsa. Yakan ji ƙarar ruwa a tulunta tun daga nesa, sai ta durƙusa, ta taɓa kafaɗarsa ta ce, "Tashi, malalaci, yaƙi ya ƙare, shayi yana hucewa." Shi kuma ya miƙa hannu ido a rufe, ta saka masa alewar na'ana'a a tafi. Daga nan su zauna su biyu, bayansu a jikin shinge, suna kallon jama'a tana watsewa. Wilf bai taɓa gaya wa kowa ba, amma saboda wannan ɗan zaman yake ɗaukar nauyin sulke duk shekara.

Glenys ta rasu a tsakiyar sanyin da ya wuce, bayan gajeriyar jinya. 'Yan ƙungiya sun kyauta, sun cika coci, sun kawo furanni farare da jajaye a haɗe, abin da ba su taɓa yi wa kowa ba. 'Yarsu ɗaya tilo ta zo daga New Zealand ta yi kwanakin da za ta iya ta koma. Daga nan gidan ya yi shiru. Wilf yakan kunna rediyo don kawai a ji murya a ɗakin girki. Akwai ranakun da bai buɗe baki ba sai da ya ce wa mai kanti ya gode. Kewa ta zauna masa a ƙirji, kuma shi ba mutum ba ne da ya iya cewa ga abin da ke damunsa.

Da lokacin yaƙi ya ƙarato, Misis Pilling, shugabar ƙungiya, ta tare shi a zaure yana ɗauke da kujeru.

"Wilf, bana ma za ka mutu mana? In ba za ka iya ba kowa zai gane."

"Zan mutu," in ji shi.

"A inda ka saba?"

"A inda na saba."

Tambaya ɗaya ce a bakinsa: wa zai zo ya tayar da shi? Ya buɗe baki ke nan wani ya ɗaga murya a kan sarkin nan da 'ya'yan ɗan'uwansa, Misis Pilling ta juya da sauri don kada a yanke hukunci ba ta nan. Wilf ya haɗiye tambayarsa. Kunya yake ji, tsoho kamarsa ya tsaya yana roƙon a tuna da shi. Ya ce a ransa ai kowa ya san inda yake faɗuwa. Abin da bai lura da shi ba, kowa ya san yadda yake faɗuwa, amma yadda yake tashi Glenys kaɗai ta sani.

Ranar yaƙin da safe ya sauko da tulun Glenys daga kan kabad, ya wanke shi, ya kai rumfar mata masu ruwa. Iyakar roƙon da ya iya ke nan.

"Na ce ko wata za ta so ta yi aiki da shi," ya ce wa Misis Pilling, wadda yanzu ta haɗa shugabancin masu ruwa da nata.

"Allah sarki, tulun Glenys. A'a, kada a fasa shi, wannan ai ya zama kayan tarihi."

Ta ɗora shi a tsakiyar tebur, ta cusa masa furanni, ta ja da baya tana yaba kyan da ya yi. Wilf ya ce lallai ya yi kyau, ya tafi ya sa kwalkwalinsa.

Mai kashe shi kullum shi ne Norman Birtles, tsohon mahauci, ƙaton mutum mai ciwon gwiwa, ɗan jan fure tun daga kakanninsa in ka ji ta bakinsa. Ba abokai ba ne sosai. Gaisuwa ce tsakaninsu da wannan kisan na shekara-shekara. Da aka busa ƙaho runduna biyu suka haɗu, Norman ya nufo shi yana haki.

"Ka shirya, ɗan York? Yi sauri ka mutu, gwiwar nan ba za ta kai ni ƙarshen yaƙi ba."

"Kai dai sara a hankali, bara sai da na yi mako ina shafa magani."

Norman ya kai sara, Wilf ya dafe ciki, ya ja da baya, ya saki mashi. Ya ji tafin 'yan kallo yana binsa har gindin shinge. Ya kwanta, ya rufe ido.

Ƙasar tana da sanyi, tana warin tumaki. Ya ji yaƙin ya yi zafi, ya ji ya lafa. Aka busa ƙahon tashi. Ya ji matan suna bin gawawwaki, ana dariya, wani yana cewa ƙafarsa ta mutu da gaske. Muryoyin suka matso har ya fara jin numfashinsa yana sauri, sai kuma suka karkata suka yi wajen rumfa. Ya ce a ransa wataƙila shi ne na ƙarshe, ai dama shi ne na ƙarshe kullum.

Misis Pilling ta yi godiya a lasifika. Aka fara buga ƙofofin motoci. Yayyafi ya sauko yana ƙwanƙwasa kwalkwalinsa, ruwa ya bi ta wuyan sulken ya gangara bayansa. Babu abin da ya riƙe shi, ƙafafunsa lafiya lau, motarsa tana bakin gona. Amma in ya tashi da kansa, ya karya dokar Glenys, kuma ya yarda ke nan cewa a duk faɗin filin nan babu wanda ya ga babu shi. Wannan na biyun ne ya fi ƙarfinsa. Ya ci gaba da kwanciya, yana sauraron ƙarar ruwa a tulu, alhali ya san tulun yana kan tebur da furanni a bakinsa.

Gonar ta yi tsit, har tumakin da aka kora gefe suka fara dawowa. Can sai ya ji taku mai nauyi, ƙafa ɗaya tana ja.

"Hepworth! Kai ne a nan? Na duba mashaya, na duba makewayi. Motarka ta tare tawa, mutumina, kowa ya tafi ya bar ni."

Wilf bai motsa ba. To, ashe saboda mota Norman ya zo nemansa. Ya ji abin ya soke shi fiye da yadda ya zata.

"Kai, lafiya? Wilf?"

"Lafiya lau," in ji Wilf, ido a rufe.

"To tashi mana. Kwanciyar me kake yi cikin ruwa?"

"Ba a taɓa ni ba."

Norman ya ɗaga kai. Ya dubi gonar da babu kowa, ya dubi rumfar da aka riga aka naɗe, ya dubi tsohon da ke kwance cikin ciyawa a jiƙe sharkaf. Shi ma ɗan ƙungiya ne, bai ce dokar banza ba ce, bai kuma yi dariya ba. Ya juya ya tafi. Wilf ya ji takun yana nisa, ya ce a ransa shi ke nan.

Sai ga takun ya dawo. Norman ya durƙusa da ƙyar yana tsine wa gwiwarsa, filas ɗin shayi a hannunsa.

"Ruwa ya ƙare, sai wannan. Ni ba mace ba ce, kuma ni na kashe ka, amma haka za ka yi haƙuri." Ya ɗora ƙaton hannunsa a kafaɗar Wilf. "To, ga shi na taɓa ka."

"Akwai abin da take cewa."

"Me take cewa?"

Wilf bai taɓa faɗin kalmomin da bakinsa ba, ji kawai yake yi. Ya faɗe su ɗaya bayan ɗaya, Norman ya gyara murya ya maimaita, a hankali, kamar mai karatu a coci.

"Tashi, malalaci. Yaƙi ya ƙare. Shayi yana hucewa."

Hannun Wilf ya miƙe da kansa, tafi a buɗe, yana jiran alewa. Norman bai san da wata alewa ba. Ya ɗauka taimako ake nema, sai ya kama hannun ya riƙe gam, ya ja shi, Wilf ya miƙe.